Ba Roƙo Nake Yi da Ƙahon Nan Ba

Yaya,

Wa ya gaya wa Inna na zama maroƙi? Ka ga haushi ya sa na tsallake gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau. Busa ƙaho ya tsaga mini leɓe, ni da 'yan ƙungiyar kiɗanmu a mota muke barci daga wannan gari zuwa wancan, amma duk ba komai. Abin da ke cina shi ne Inna ta daina ɗaukar wayata.

Auta ta ce Kawu ne ya ga bidiyonmu, ya ga na rusuna bayan na gama busa, wai kuɗi nake roƙo. Kiɗan jaz muke yi, irin na ƙasashen waje, Yaya! Ba ma yi wa kowa kirari. Shugabanmu ya gyaɗa maka kai, ka busa abin da ke ranka, a tafa, ka sunkuya don godiya. Har mai gangarmu, da furfurarsa, haka yake yi. Kuma abin da na busa ranar, waƙar da Inna ke rera mana tana wanki ce.

Allah ya bar zumunci. Amma ka tara mutanen gida, ka kunna bidiyon nan, Kawu ya nuna inda na miƙa hannu. A gaban Inna nake so ya amsa.

Ƙaninka.