Kaset ɗin da Yaya Sabo Yake Ciki

Daren Lahadi, Tofa

Yau a kasuwar Rimin Gado na tarar an fitar da ragowar wasan barkwancin nan na talabijin a kaset, na shekarun ƙarshe da kowa ya ce sun lalace. Mai sayarwa ma cewa ya yi, "Malam, ɗauki na farkon, waɗannan ba abin dariya a ciki." Na ce su nake so. A cikinsu ne Yaya Sabo ya taɓa fitowa a mai shayi kafin rasuwarsa.

Fetur ya yi wuya, amma Alhaji Bala ya daure ya tayar mana da janareta. Mai kaset ya yi gaskiya, ba wanda ya ko murmusa. Sai ga Yaya riƙe da buta, ya ce, "A ƙara madara?" Iyakar maganarsa ke nan. Ashe na fara manta muryarsa.

Inna ta matso har gaban akwatin, ta ce, "Audu, a nan bai rame ba. Mayar da shi baya."

Sau huɗu ina mayarwa. A na biyar, da ya tambaya, a hankali ta amsa masa, "A ƙara, ɗan nan."