Kumbon da Babanki Ya Hana Sauka

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya kaɗaici? Mu nan sai godiyar Allah. Jikin babanki da sauƙi. Hannun dama bai tashi ba tukuna, magana kuma daga "to" sai "a'a", amma yana cin abinci, har ya soma hararar mutane.

Na ga saƙonki cewa za ki ajiye aiki ki dawo jinya. Ban karanta masa ba. Ke ma ban san me zan ce miki ba.

Mai ɗab'i ya zo jiya. Mujallar babanki na jiran kashin ƙarshe na labarin yarinyar nan matuƙiyar kumbo, wadda ya bari tsakanin taurari ranar da ya yanke jiki ya faɗi. Masu karatunsa ba za su cika aji guda ba, amma sun hana mutumin sakat da waya. Wai tunda ni nake buga masa rubutu tun kina goye, in ƙarasa a sa sunansa. Na ce ba zan jingina wa bawan Allah abin da bai faɗa ba. Sai dai in rubuta in karanta masa, abin da bai yarda ba ya soke da jan biro, yadda ya saba yi wa masu aiko masa labari.

Ki sa mu a addu'a.

Ummanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuta. Na juyo da kumbon, na sauke yarinyar a ƙofar gidansu, uwarta tana shanya. Ni dai ya yi mini daɗi.

Da na gama karantawa sai ya miƙo hannun hagu. Na ba shi jan biron, ya ja layi a kan saukar gaba ɗaya, har ya ɓata mini zanin gado. Raina ya sosu, Allah ya yafe mini. Na shiga kicin na yi ta wanke kwanukan da ba su da datti. Da na dawo na tarar ya zagaye wuri ɗaya, inda yarinyar ta kira gida daga nesa, muryarta na yankewa, ubanta ya manna kunne yana saurare.

Nan na ɗauko wayata, na buɗe saƙonki na karanta masa, ban rage komai ba. Sannan ya ɗora bakin biron a kan wayar, ya ja.

To, ki zauna a aikinki. Ni na so ki dawo, ba zan ɓoye miki ba, amma edita ya soke. Ki riƙa kira bayan la'asar, lokacin yake farke. Ba sai ya amsa ba, ke dai ki yi ta magana.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki