Tafkin da Ba Ka Gani Ba Saboda Ni

Zuwa ga Malam Auwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Hajiya. Mu ma a nan Salford lafiya lau, sai godiyar Allah. Matata Hauwa'u tana gaishe ka.

Na zaɓi in rubuto maka a fili, inda kowa zai karanta, domin shekara shida ke nan mutanenmu na Manchester da Birmingham suna tambayata labarinka, ni kuma ina ce musu nisa ne ya raba mu. Ni da kai mun san ba nisa ba ne.

Makon jiya muka dawo daga Faransa, ni da Hauwa'u. Mun je Chamonix, garin nan na gindin dutsen Mont Blanc, mun kuma hau har tafkin da suke kira Lac Blanc. Kai ne mutum na farko da ya kamata ya ji.

Lokacin da muka je can ni da kai, shekarun baya, ka gama digirin digirgir ɗinka a kan ruwa da koguna, kana zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Aston ta Birmingham, a saman wani shagon kifi. An soke tsarin da yake bai wa ɗalibai damar zama su yi aiki bayan karatu, saura 'yan watanni bizarka ta ƙare. Ka ce ba ka son ka koma gida ba ka ga inda ruwan da ka yi shekara huɗu kana rubutu a kansa yake farowa ba. Ni kuwa a aljihun rigar sanyina akwai takardar council, wato hukumar gari da nake wa aiki, mai cewa za a rage ma'aikata a sashenmu na gyaran hanyoyi, kuma sunana yana ciki. Ban gaya wa kowa ba, har Hauwa'u. Tafiyar ta zo min daidai, domin ina neman inda zan ɓuya.

Na biyo ta Birmingham na ɗauke ka a tsohuwar motata, muka tsallaka teku a jirgin ruwa, muka yi ta tafiya kudu. Hauwa'u ta cika mana roba da dambun nama. Mun kafa tanti a gefen kogin da ya ratsa garin, wanda ruwansa ya yi fari-fari kamar an dama masa alli. Ka ɗebo a tafin hannunka ka nuna min, ka ce garin dutse ne da ƙanƙara ta niƙa.

Rana ta farko muka shiga ƙaramin jirgin ƙasa mai hawa tsauni, muka je kallon kogin ƙanƙara. Daga inda jirgin yake tsayawa sai an gangara matakala masu yawa kafin a taɓa shi. A jikin dutsen an kafa alluna, kowanne yana nuna inda ƙanƙarar ta taɓa kaiwa a da. Ka tsaya a kowane allo ka rubuta wani abu a ɗan littafinka. A hanyar hawowa na tsaya sau huɗu ina haki. Ka dube ni. Da yamma, muna cin abinci a bakin tanti, na nuna maka takardar council. Ka karanta, ka naɗe, ka mayar min, ka ce Allah ya sa hakan ne alheri.

Kashegari muka nufi tafkin. Akwatin nan mai tafiya a kan igiyar ƙarfe ya kai mu rabin tsauni, sauran kuma da ƙafa. Mun yi fiye da awa ɗaya muna hawa sai na ji kamar an ɗora min bulo a ƙirji, hannuna na hagu ya yi nauyi, gumi yana keto min alhali ana iska mai sanyi. Na ce dambun ne bai narke ba. Ka zauna a kan wani dutse, ka cire jakarka, ka ce, "Wallahi ba zan ƙara taku ɗaya ba." Masu saukowa sun ce mana saura kamar minti arba'in.

Abin da na ce maka a wurin shi ne dalilin wannan takarda. Na ce kai ne ka gaji kake fakewa da ni. Na ce halinka ke nan, ka kai abu bakin ƙarshe ka saki, shi ya sa wasu suka san yadda suka yi suka zauna a ƙasar nan, kai kuma za ka tattara ka koma. Na san ƙarya nake yi tun ina faɗa. Ka goya jakarka a baya, ka rungume tawa a gaba, ka sa ni a gabanka muka sauko.

Ka so mu je asibiti a can, na ƙi. Kai ka yi mafi yawan tuƙi a hanyar dawowa. Kafin mu sauka daga jirgin ruwa ka riga ka kira Hauwa'u ka gaya mata batun ƙirjina, ka ce kada ta bar ni in kwana biyu ban ga likita ba. Batun aiki kuwa ba ka taɓa shi ba. Sai daga baya na lura da hakan.

Jijiyoyi biyu ne na zuciyata suka kusa toshewa. Likitan da ya yi min aiki ya tambaye ni yadda abin ya fara, na ba shi labari. Ya ce duk wanda ya juyo da ni daga dutsen nan in riƙe shi da kyau.

Ban riƙe ka ba. Ka hawo bas tun daga Birmingham ka zo duba ni a asibiti, kwana uku kafin tashinka. Na ji muryarka kana gaisawa da Hauwa'u a bakin labule, sai na rufe ido kamar ina barci. Ka zauna kusan awa guda. Ka yi min addu'a a hankali, ka ajiye lemu, ka tafi. Idona biyu duk tsawon lokacin.

Bayan shekara biyu ka rubuto kana neman takardar gayyata, za ka zo wani taro, kana kuma fatan ka ƙarasa can tsaunin. Takardar tana buƙatar shaidar aiki, ni kuma a lokacin kaya nake rabawa a mota, na kasa buɗe baki in faɗa maka. Na ce zan duba. Ban duba ba. Daga baya na ji a bakin wani cewa an hana ka bizar. Tun daga nan muka yi shiru.

Ga abin da yake sama, tunda ba ka gani ba. Daga dutsen da ka zauna, hanyar tana ƙara miƙewa, ciyawa ta ƙare, sai duwatsu zalla. Hauwa'u ta yi ta ƙorafin gwiwa, amma ita ce a gaba. Mun ga awakin dutse guda uku, masu ƙaho kamar lauje, suna kiwo ba su damu da mu ba. Can ƙasa a kan kwarin, mutane suna shawagi da lema kala-kala.

Tafkin ƙarami ne, Auwal. Bai kai yadda muke zato ba. Ruwansa kore-kore ne, a gefe ɗaya har yanzu akwai dusar ƙanƙara ko da yake tsakiyar lokacin zafi ne. Idan iska ta tsaya, tsaunukan da ke ɗaya ɓangaren kwarin suna fitowa a cikinsa a kife. Na yi alwala da ruwan da ke gangarowa daga shi, yatsuna suka ƙage. Muka yi azahar a bayan wani dutse. Da na sallame na daɗe ban tashi ba, Hauwa'u ta ba ni baya tana gyara jaka, ta ƙyale ni.

Kogin ƙanƙarar nan kuma ya ƙara ja da baya. An ƙara matakala, an kafa sababbin alluna a ƙasan na ƙarshen da ka rubuta. Na hawo matakalan duka, na tsaya sau ɗaya kawai.

Ɗan'uwana, ka yafe min. Maganar da na faɗa a kan dutse, da idon da na rufe, da takardar da ban rubuta ba. 'Yata Safiya ta shiga jami'a bana, ni na kai ta da kayanta, kuma da na ƙara minti arba'in ɗin nan mai yiwuwa wani ne zai kai ta.

Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Allah ya sanya albarka a karatun da kake koyarwa, ya tsare ka a duk hanyar da ka bi, ya haɗa ka da abokan da suka fi ni sanin darajarka. Amin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira ka. Idan ba ka ɗauka ba, ba zan ga laifinka ba. Zan sake kira wata Juma'ar.

Naka,
Nasiru
Salford