Bulon da aka gwada ba nata ba ne

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe. Ban daɗe da fara rubutu ba, ajin yaƙi da jahilci nake zuwa a Sabon Gari.

Ni lebura ne a ɗakin gwajin kankare na wata jami'a a Samaru. Ɗalibai masu neman digiri na biyu su zuba 'yan bulo, ni in jiƙa su a tanki har su yi ƙwari, in kai wa injin da ke matse su. A da, in an gama sai a ajiye binciken a kanta ya sha ƙura, amma bana an canza tsari, an ce duk binciken da ya yi kyau sai an yi gini da shi a gari.

Akwai wata ɗaliba 'yar Kudancin Kaduna, zan kira ta Ladi, tana gauraya siminti da tokar ɓuntun shinkafa don gini ya yi sauƙi. Ita ke duba mini aikin makaranta, tana tsokanata kan rubutuna, "Baba, wannan baƙin naka ya sha koko kuwa? Ya kwanta!" Ranar gwajinta baro ya kife mini, bulonta suka farfashe. Tsoro ya kama ni, mai iyali ina zai nufa in an kore shi? Na ɗauko wasu na zallar siminti da wani ya bari, na kwafi alamarta a kansu, da hannun nan da ta koya wa riƙe alƙalami.

Inji ya nuna ƙarfin da ba a zata ba. Ladi har da rawa, malaminta ya ce da haɗinta za a zuba kwalbatin wata hanya a Bomo kafin damina. Hanyar nan na san ta, masu kai masara kasuwa ke bi, da 'yan makaranta. In haɗin bai da ƙarfi fa? In ya rufta da mutum, wa ya kashe shi?

Jiya ta kawo mini ƙosai ta ce, "Baba, kai za ka fara taka kwalbatin nan." Na karɓi ƙosan na ajiye a gefe. In na faɗa, aikina ya tafi, shekararta ta lalace, wataƙila ma a ce da saninta. In na yi shiru, an riga an fara sauke yashi.

Jama'a, me zan yi?