Sunayen Kakanninmu Tara

Assalamu alaikum Baba,

Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wata hanyar yi maka magana, shi ya sa na ɗauki biro.

Gida lafiya. Inna na nan tana fama da gwiwarta. Ƙanena Sani ya ci gaba da buɗe shagon ɗinkinka na Kawo, sai dai shi a littafi yake rubuta awon mutane. Kai ka taɓa rubuta awon wani? Ka auna, ka faɗa da ƙarfi sau uku, ka maimaita in ka ɗauki almakashi, shi ke nan ya zauna. Da dabarar nan na ci duk jarrabawata: in karanta kaɗan, in rufe littafi in faɗa da baki, in yi bita bayan asuba, sannan in koya wa Sani ko yana so ko ba ya so.

Baba, na yi maka laifi. Ka tuna Asabar ɗin da ka zaunar da ni za ka koya mini sunayen kakanninmu tara, tun daga wanda ya baro Zariya? Ka ce uku-uku za mu ɗauka, sati uku mun gama. Ni kuwa uwar sauri, na ajiye waya a gabanka na ce ka faɗa kawai ta ɗauka. Ka daɗe kana kallona, sannan ka faɗa. Ban taɓa saurara ba, kullum sai gobe. Wata biyu bayan rasuwarka wayar ta faɗa ruwan wanki, masu gyara suka ce ba abin da za a iya cirowa. Sauri ya haifi nawa.

Rannan jikarka Hafsa ta tambaye ni su wa suka haife ka. Uku na iya kawowa, su ma don ana ambatonsu a gida ne. Inna ba ta san sauran ba, Sani kuwa ba ka koya masa ba, ni ka zaɓa don ka ce ni ce mai kai. Mutum shida ka riƙe tsawon rayuwarka, ni na zubar da su. Wa zan tambaya yanzu?

Kullum bayan asuba ni da Hafsa muna bita, da ƙarfi, sau uku. Na sa sunanka a farko, sun zama huɗu. In mun kai na ƙarshe takan ɗago kai tana jira in ci gaba, ni kuwa sai in sake komawa kan na farko.

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarka da ka yarda da ita,
Bilkisu