Ruwan da ake sheƙawa a tele

Daren Laraba, tsakiyar daminar da ba ruwa

Na rantse ba zan ƙara zuwa kallon tele gidan Lawali ba. Mijin yayata ne, amma ba ya barin kowa ya ji wasan kwaikwayo. Ɗan wasa ya karkace hula, sai ya ce, "Kun gane? Mawaƙin nan na rediyo ake kwaikwayo!" Wani ya yi tafiyar ƙasaita, wai shugaban buronsu ne, na can wurin aiki. Sai ka ce shi ya tsara abin.

Yau da Kawu Isufu muka je. Shekaranjiya ya zo daga ƙauyensu, Hamdara. Shukarsa ta ƙone, bai ce hatsi ya zo nema ba, amma kowa ya sani.

Wasan nan kullum da abu guda yake ƙarewa: baƙauye ya ɗaga kai yana duban sama, wata ta sheƙo masa ruwa daga kan soro, shi kuma ya ruga gona da ƙoƙon iri. Tun ba a kai wurin ba Lawali ke zungurar mutane. "Ga ta nan, ga ta nan!" Aka sheƙa, gida ya ɗauki dariya. Ko kunyar surukuta babu, har da dafa kafaɗar tsoho: "Kawu, kun gane dai? Ku ne fa!"

Kawu bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya matso kusa da ni, a hankali ya ce, "Ɗana, ruwan gaske ne suke zubarwa?"

Na ce i.

"Kowane mako?"

Lawali, gwanin ganewa, wannan kam ta wuce shi. Yana can yana bayanin hula.