Cokalin Mama da Maƙogwaron Baba

Akhmim, Sohaj
14 ga Maris

Zuwa ga Yaya Midhat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hala da yara, da fatan aikin Kuwait yana tafiya daidai. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, sai gajiya. Rubutawa na yi maimakon kira, don duk inda na tsaya da waya Mama tana bayana.

An gaya maka jiri ne ya ɗebi Baba. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Ranar Alhamis, 2 ga wata, ya je aski wurin Usta Ramzi, aka gama aka murɗa masa wuya ya yi ƙara, kamar yadda suka saba. Kafin la'asar ya fara amai da shaƙuwa, muryarsa ta dishe, in ya miƙe sai ya karkata hagu. Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwa, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya a cikin ƙasusuwan wuyan. Na bayan su ke ciyar da gindin ƙwaƙwalwa, inda haɗiya da numfashi suke. Hoto ya nuna ta hagu ta tsage ta ciki, jini ya daskare a wurin. Ba zan rantse murɗawar ce ba, amma babban likita ma ita yake zargi.

Hankalin Baba garau yake, hannu da ƙafa suna aiki. Har ya ce, da 'yar muryar tasa, Ramzi ya shekara talatin yana neman cire masa kai, sai bana ya kusa. Haɗiya ce ta lalace. Abin da ya shiga bakinsa yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, wani lokaci ko tari ba zai yi ba. Shi ya sa bayan mako ɗaya aka sallame mu da robar ba shi abinci ta hanci, aka ce kada a ba shi komai ta baki sai an sake gwada shi bayan mako uku.

Yaya, Mama tana ba shi. Jiya na dawo daga aikina a asibiti na tarar da miyar lalo a gefen gemunsa. Ta ce cokali uku ne kacal, kuma da romon zomo ta yi, wai wane mugun abu ne a zomo. Na zana mata maƙogwaro a bayan kalanda. Ta duba ta ce zanen ya yi kyau, amma ita da ta shekara talatin da takwas tana ciyar da mutumin nan, ba 'yar da ta yi wa wanka jiya za ta koya mata riƙe cokali ba. Goggo Sabah kuwa likitar wata huɗu take kirana, ta ce a kansu nake gwada karatu, kuma ita ba ta taɓa ganin wanda roba ta tayar ba. Yau da safe zafin jikinsa 38.2. Na saurari ƙirjinsa sau uku, ban ji abin da na tabbatar ba. Gobe zan kai shi hoto.

Na gaji da faɗa da ita, kuma na san so ne. Idan ya kalli tukunya, ita ba ta iya kallonsa. Ni ma da ƙyar.

Ga roƙona. Ka kira ta da zarar wannan ta same ka. Ka ce kada komai ya shiga bakinsa, ko ruwa, ko shayi, har ranar 30 ga wata da za a sake gwada shi. Kada ka ce cokali ɗaya ba laifi don ka faranta mata. Maganarka tana ji. Ba sai ka ce daga wurina ta fito ba. Ka ce wani babban likita ka tambaya a can. Ban damu da wanda za a yaba ba, in dai ta ajiye cokalin.

Ka gaida Anti Hala, da Ziyad da Rawan. Baba ya ce a gaishe ka, bai san me na rubuta ba.

Ƙanwarka,
Najwa